Idan An Tashi Daga Boko

Mu nan ƙasar Gumel, duk abin da yaro zai yi daga sallar asuba zuwa kwanciya, suna uku muka tanadar masa: ko karatu, ko aiki, ko wasa. In karatu ne a ce Allah ya ba da sa'a. In aiki ne a sa masa albarka, a kuma ƙirga cinikin. In wasa ne a waiwaya a nemo tsumagiya. Daga Gumel har Maigatari, daga Gagarawa har Sule Tankarkar, babu gidan da ya ajiye suna na huɗu.

Shi ya sa malaman boko ke shan fama da mu. A wajensu akwai wani fanni da ba darasi ba ne, ba a jarrabawa a kansa, amma wai ba shiririta ba ce: ƙwallo da guje-guje, muhawara, kacici-kacici, wasan kwaikwayo, sikawut, ƙungiyar ɗalibai Musulmi, yaran da ke karanta labarai a asambuli, har da gonar makaranta. Suna da wata doguwar kalmar Turanci da suke zuba duk waɗannan a ciki, farkonta "ekistira". Mu kuwa ekistira ɗaya muka sani, ekistira lesin, wanda ake biya wata-wata. Don haka da hedimasta ya ɗauko kalmar a taron iyaye da malamai, kafin ya kai ƙarshenta kowane uba ya dafe aljihu.

A majalisarmu ta ƙofar shagon tela, inda ake zama bayan isha'i, akwai wani malamin firamare da ya ɗauki zancen nan da zafi. Shi da Hausa yake faɗa, "ayyukan bayan makaranta", kuma a nan ya jawo wa kansa.

"Malam, ayyuka ka ce?" in ji wani dattijo dillalin awaki. "To ai mu ne a gaba. Nawa yaron da ya dawo zai ajiye jaka ya ɗauki lauje, kafin la'asar ya cika buhu da ciyawa. Wannan ba aiki ba ne? Ba bayan makaranta ba ne?"

"Alhaji, ba irin wannan nake nufi ba. Abin da zai buɗe wa yaro kai, ya iya tsayawa gaban jama'a ya yi magana, ya kuma motsa jini."

"Motsa jini? Malam, ka taɓa buga tuƙa-tuƙa ka cika jarka shida, ka ɗora a baro ka turo cikin yashin nan namu?"

Tela bai ko ɗago kai daga keke ba ya ce, "Malam, ka faɗi gaskiya ka huta. Wasa kake nufi, nauyin faɗa kake ji."

Aka yi ta dariya, malam ya ce ai da ma ya san da mu. Ni dai ina ganin yana da gaskiyarsa, amma ya tsallake tambayar farko: da wane lokaci? Duba ranar yaro ɗan aji biyar a unguwarmu. Da asuba yana gaban alaramma da allo. Hantsi bai gama fitowa ba ya sa yunifom ya tafi boko, watakila da koko a ciki, watakila babu. Azahar ya dawo, ga aike, ga ɗiban ruwa, ga tunkiya tana kuka. La'asar Islamiyya. Magariba a koma allo ko a yi tilawa. Ranar Asabar da Lahadi da boko ke hutu, Islamiyya ta karɓe safiyar. Ranar Alhamis da Juma'a da allo da Islamiyya ke hutu, boko na nan daram. Wato mun tsara abin ta yadda mako zai zagayo yaro bai samu yini guda da babu malami a kansa ba, sannan mu zauna a majalisa muna cewa yaran yanzu ba su da aiki sai yawo.

Alhamis ɗin nan ma ai da magana. Kowa ya san ranar kasuwar Maigatari ce, kasuwar da ake kawo raƙuma da shanu da tumaki da dawaki daga Nijar har da Chadi, 'yan kudu su zo su cika tireloli. Makarantar allo ta daɗe da sasantawa da wannan rana, tunda da ma hutunta ne. Boko ce ta ƙi ji, ita ce kuma take shan kaye. Tambayi duk malamin da ya taɓa koyarwa a Maigatari ko ƙauyukan da ke kewaye yadda aji yake ranar Alhamis, zai ce maka benci ya fi mutane yawa.

Je ka kara ka ga inda yaran suke. Ga ɗan shekara goma sha biyu riƙe da igiyar bunsuru yana jiran dillali ya gama rantse-rantse. Mai saye ya zo, kafin ya yi magana yaron ya buɗe bakin dabbar ya nuna masa haƙora, ya faɗi shekarunta, ya dafa kwankwaso ya ce ka ji nama. In aka sallama ya ja ta har gindin mota, a ba shi na goro. Wani yana ɗauke da ruwan leda a bokiti, wani yana bin 'yan canji. Yaron da malamin lissafi ya rubuta wa sifili ranar Laraba, shi ne ranar Alhamis zai gaya maka cewa jakar Najeriya naira 200 ce, jikkar mutanen Nijar kuwa sefa 1,000, dalarsu sefa 5, ya juya maka wannan zuwa wancan da ka, bai taɓa biro ba. Yana jin Hausar Damagaram, yana tsintar Fillanci, ya san gaisuwar Buzaye. In wannan ba buɗe kai ba ne, to a faɗa mini sunansa. Amma a rajistar makaranta abin da aka rubuta masa shi ne bai zo ba.

Da aka rufe boda a watan Agustan 2019, ba a buɗe ta Maigatari ba sai Disambar 2020, aka kuma sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar har zuwa Maris ɗin 2024. Kasuwa ta yi sanyi, gidaje da yawa sun ji a tukunya. Malaminmu na majalisa ya taɓa cewa cikin raha, a duk faɗin ƙasar nan rajistar Alhamis ce kaɗai ta ci ribar rufe boda. Dillali ya harare shi ya ce Allah ya kiyaye mu da irin wannan riba.

Damina kuma tata hukumar daban. Dogon hutun boko yana faɗowa daidai lokacin noma da maimai, ana komawa makaranta gero na nuna. Daga girbi sai roron wake da ɗaurin harawa, sai kaɗe riɗi, sai cirar zoɓo da ke kai mutane har cikin sanyi, yara su zo aji yatsu jajur duk ƙaiƙayi. A Gagarawa da Sule Tankarkar yaron da bai iya kora amalanken shanu ba tun yana firamare, sai a fara tambaya ko lafiyarsa ƙalau. Tsofaffin Gagarawa kuma za su ba ka labarin zamanin da jirgin ƙasan Kano zuwa Nguru ke tsayawa a tasharsu, ana jin kukansa yara su watse da farantan talla. Wannan duk aiki ne, babu mai gardama a kai.

Inda ake samun rikici shi ne abubuwan malam, domin kowanne sai mun zaunar da shi mun yanke masa hukunci, wane suna zai ci cikin ukun nan.

Musabaƙa ba ta sha wata tambaya ba. Tun da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ta fara shirya ta ƙasa a 1986, abin ya gangaro jiha, ya gangaro ƙaramar hukuma, ya shigo unguwa. Yaro ko yarinya su ce za su tsaya bitar izu biyu ko izu goma har dare, uba da kansa zai kai fitila. Karatu ne, ga lada, ga shi kuma an ji ana ba da keken ɗinki da babur, wani lokacin har mota da kujerar Makka. Lesin ma karatu ne, ana ƙunƙuni ana biya. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi, wadda aka kafa a Legas tun 1954, ita ma ta wuce lami lafiya, don da an ce wa'azi za a yi magana ta ƙare.

Agaji ya shiga layin aiki. Yaro ya sa kaki da hula da bel, ya tsaya a titi ranar Juma'a yana tare babura, ko yana gyara sahu wajen tafsiri, ko na Izala ne ko na Fityanu ko na Jama'atu. Uwarsa ta leƙo ta zaure ta ga ɗanta yana busa usur manya na tsayawa, ranar har nama za ta ƙara masa. Abin dariyar shi ne, fareti da ɗaurin igiya da taimakon gaggawa da ɗan agaji yake koya, kusan su ne sikawut ke koyarwa tun da Baden-Powell ya ƙirƙiro ta a Ingila a 1907. Amma sikawut gajeren wando gare ta da ƙyalle a wuya, ga kwana a daji, don haka wasa ce. Darajarta takan tashi sau biyu a shekara, ranar yara 27 ga Mayu da ranar 1 ga Oktoba, in an yi maci gaban ciyaman an ƙame. Washegari ta koma wasa.

Muhawara ta fi ba ni tausayi. Wani maƙwabcinmu ɗansa ya dawo da sabulu da littafin rubutu, ya ce kyauta ce ya ciwo. Uban ya ce ta me? Ya ce an haɗa su da wata makaranta, aka ba su batu, su suna goyon baya waɗancan suna suka, shi ya kayar da su.

"Wato gardama?"

"Baba, muhawara ake cewa."

"Kai da wa?"

"Da 'yan aji shida."

"Yayyenka ke nan. Na tura ka neman ilimi, ka je kana musu da na gaba da kai, har a ba ka sabulu."

Ya karɓi sabulun dai. Kuma mutumin nan, in ana gardamar siyasa a teburin mai shayi, sai an kashe risho an ɗauke benci yake tafiya gida.

Gonar makaranta kuwa ta faɗa tsakiya ta rasa mai ɗaukarta. Aiki ne ƙarara, amma ba a gonar uba ba, kuma ba a ga inda geron yake zuwa ba. Uba zai ce, na kai shi boko don ya huta da fartanya, ku kuma kun miƙa masa wata. Wasan kwaikwayo shi ko sunansa ya kashe shi tun kafin ya buɗe baki. Yarinya ta ce an sa ta a dirama, a gida sai a ji kamar gobe za ta hau mota ta tafi Kano shiga fim. Amma bari azumi ya kai goma, yaran nan su manna gemun auduga, su cusa tsumma a ciki, su shiga gida-gida suna tashe suna kwaikwayon malam da maigari da gwauro. Mu ne za mu yi dariya har da hawaye, mu ba da hatsi da 'yan canji. Wannan al'ada ce, ba a taɓa ta.

Sai uban tafiyar, ƙwallo. Babu abin da ya ci bulala a ƙasar nan kamar ta. Kowannenmu ya san yadda ake yi: a ɓoye ƙwallon a gidan aboki, a fita da allo a hammata, a jingine shi a gindin darbejiya, a kafa takalma biyu su zama raga. Ana kiran magariba a karkaɗe ƙafa, a wanke fuska a famfo, a shigo gida da sallama kamar mutumin kirki. Babban yatsa ne yake tona asiri, don ƙwallon yashi ba takalmi ba ta barin farce. In aka gani, "gidan uban wa ka je?" Daga nan sai ihu.

Amma a 'yan shekarun nan hukuncin ya fara laushi, kuma kowa ya san dalili. Tun da Ahmed Musa, wanda ya buga wa Kano Pillars, ya zura wa Ajantina biyu a gasar cin kofin duniya ta 2014, ya sake zura wa Iceland biyu a 2018, aka kuma ji irin gidaje da gidajen man da ƙwallo ke ginawa, sai wasu iyaye suka fara kallon ƙafar 'ya'yansu da wani ido. Yanzu akwai kulob-kulob na unguwa da koci da jesi, ana zagayawa da takarda ana neman gudummawar sayen ƙwallo, ana ɗaukar hayar mota a je Maigatari ko Gagarawa buga wasa. Uban da ya karya tsumagiya uku a jikin yaro, ranar da aka zagaya gari da kofi a kan babur ana oda, shi ne a bakin titi yana nuna wa mutane, "wancan mai lamba tara nawa ne, tun yana ƙarami na ga alama." Ya ga alama kam, ai shi ya yi masa ita a baya.

Langa ma haka. Mun tashi muna yinta a farin wata, ƙafa ɗaya a hannu, ana kare ruwa ana ture juna, a koma gida da gwiwa a goge a sha faɗa. Yau tana cikin wasannin gargajiya da ake gasarsu a matakin ƙasa tare da dambe da kokawa, ana ba da lambar zinare. Da a ce an gaya wa iyayenmu haka, da wasunmu sun tsira da fatar bayansu.

'Yan mata fa? Nan malam yakan yi shiru, don ya san lissafin ya fi ƙarfinsa. Yarinya ta dawo daga boko, ga wanke-wanke, ga raino, ga kai niƙa, ga farantin talla na jiran ta: awara, dafaffiyar gyaɗa, ƙuli-ƙuli, ɗanwake. Kuɗin nan ba na banza ba ne, da shi uwa ke zubin adashi tana tara kayan ɗaki, kuma duk wanda ya ce a daina sai ya faɗi abin da zai maye gurbinsa. A da akwai dandali, in an gama komai a fita gaɗa a farin wata, a nan ake koyon waƙa da tafi da zaman duniya. Mun ce bai dace ba, mun rufe, ba mu buɗe wani abu a madadinsa ba. Abin da ya rage mata na nishaɗi shi ne ƙunshi da kitso ranar biki, sai wayar yayarta in ta samu. Ranar intahaus ka ga yarinyar da ke tsere wa kowa a gudu da hijabinta, malamar wasanni tana cewa a bar mata ita ta kai ta gasar jiha a Dutse. Amsar gida ɗaya ce: an kusa sa mata rana.

Ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Gumel in sun zo koyon koyarwa a makarantunmu, sukan zo da ɗoki. Cikin 'yan makonni ka ji an farfaɗo da kacici-kacici, an kafa ƙungiyar Hausa, yara suna haddace karin magana suna zuwa gida suna tambayar kakanni. Wata tsohuwa a layinmu ta ce tunda aka sa jikarta a boko, ba a taɓa turo ta da tambayar da ta san amsarta ba sai wannan karon. Ta zauna ta zuba mata karin magana har yarinyar ta ce hannunta ya gaji. In wa'adinsu ya cika suka koma, sai abin ya kwanta, a jira na baɗi.

Kuma fa mu da muke hana wasa, mu ne sarakunansa. Bari Bahaɗeje ya shigo majalisar nan, dattijo mai furfura zai ajiye carbi ya shiga tsokana, a tono yaƙe-yaƙen kakanni, a yi ta ba'a har shayi ya huce. Bari Bafillace ya zo wucewa da sandarsa, mu da muke da jinin Mangawa ba ma barinsa ya wuce salin-alin. Ga dara a gindin bishiya tun hantsi. Ga gidan kallo, inda uba da ɗa suke haɗuwa ranar wasan Madrid da Barcelona, kowa ya yi kamar bai ga ɗan'uwansa ba. Namu sunansa zumunci, ko hutawa.

Kwanan baya wani yaron unguwa da ya gama sakandare ya kawo wa malam fom ɗin neman tallafin karatu ya taya shi cikewa. Aka zo gurbin da ake tambayar abin da ɗalibi yake yi in ba ya aji. Yaron nan shi ke limancin tarawihin yara a zaurensu, shi ne golan unguwa, ya yi shekaru yana jan dabba a Maigatari, ya kiwata raguna ya sayar da sallah ya biya wa kansa kuɗin jarrabawa, ga shi ya iya gyaran waya. Malam ya duba ya ga ya riga ya rubuta da fensir, da Turanci: karatu da tafiye-tafiye.

"Kai, tafiya ina? Ina ka taɓa zuwa?"

"Malam, haka kowa yake rubutawa."

"Goge. Rubuta kiwo. Rubuta ƙwallo. Rubuta kasuwa."

Yaron ya tsaya yana juya fensir, ya ce yana tsoron kada masu dubawa su ga kamar ba ɗan makaranta ba ne. Dillali ya ce shi dai a sa kiwo a cire ƙwallo, kada a zubar wa yaro da mutunci a gaban manya. Tela ya ce a bar ƙwallo a cire kasuwa, don in suka ji yana da sana'a za su ce ba ya bukatar tallafi. Mai shayi ya leƙo ya ce a rubuta limancin da manyan baƙi, sauran duk a bar su. Har aka tashi ba a daidaita ba. Da safe yaron ya kai fom ɗin shagon kwamfuta, mai shagon ya cike masa gurbin da abin da yake cike wa kowa.